Babi na Shida: Maria Sibylla Merian da Shafin da ya Haɗa Tsutsa da Ganyenta

A tsakiyar ƙarni na 17, yawancin masu ilimi a Turai ba su ɗauki ƙwari a matsayin abin da ya cancanci a ɓata masa lokaci ba, domin tun zamanin Aristotle an gaji ra'ayin cewa ƙananan halittu irin su tsutsa da ƙuda suna tsirowa ne da kansu daga taɓo da ruɓaɓɓen nama da raɓa, ba tare da uwa ko uba ba. Sai a shekarar 1668 wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya nuna cewa naman da aka rufe bakin tulunsa da ƙyalle ba ya yin tsutsa, tun da ƙuda bai samu hanyar saka ƙwansa a kai ba. Shekara guda bayan haka Jan Swammerdam na ƙasar Holan ya wallafa bincikensa a kan ƙwari, Marcello Malpighi kuma ya fitar da nasa a kan cikin tsutsar siliki. Waɗannan duka likitoci ne da suka yi karatun jami'a, suna aiki da wuƙar fiɗa da gilashin ƙara girma. Maria Sibylla Merian, wadda wannan babi ya shafa, ta shigo fagen ne ta wata ƙofa dabam, ƙofar shagon masu zane, kuma abin da ta ƙara wa ilimin ya fito ne daga yadda mai zane yake tsara abubuwa a kan shafi.

An haife ta a Frankfurt, a ƙasar Jamus ta yau, ranar 2 ga Afrilu 1647. Mahaifinta, Matthäus Merian, mutumin Basel ne da ya yi suna wajen sassaƙa hotunan birane da buga littattafai, amma ya rasu a 1650 tana 'yar shekara uku, mahaifiyarta kuma ta auri Jacob Marrel, mai zanen furanni, a shekarar da ta biyo. A gidan Marrel ne, tare da almajiransa irin su Abraham Mignon, yarinyar ta koyi niƙa launi da haɗa shi da ƙaro, da zane da fentin ruwa a kan fatar ɗan maraƙi da aka gyara ta yi laushi da santsi, da kuma sassaƙar farantin jan ƙarfe. Wannan sana'a ta ƙarshe tana bukatar bayani, domin da ita ake buga hoto a littafi a wancan zamani: ana yaga siraran layuka a kan farantin da tsinken ƙarfe ko da ruwan asid, a shafa tawada ta shiga cikin layukan, a goge saman, sannan a danne jiƙaƙƙiyar takarda a kai da injin matsi, hoton ya fito baƙi da fari, wanda yake son launi kuma sai a bi masa kowane kofi da buroshi da hannu.

Masu zanen furanni na lokacin sukan saka 'yar tsutsa ko malam-buɗe-littafi a gefen fure don ado, kuma ta nan ne hankalin Maria ya koma kan ƙwarin su kansu. Tana 'yar shekara 13 ta fara kiwon tsutsar siliki, tana ba ta ganyen bishiyar mulberi, tana lura da yadda take rikiɗa. Abin da ake nufi da rikiɗa a nan shi ne tafiyar da wasu ƙwari ke yi ta matakai huɗu: ƙwai, sai tsutsa mai cin ganye tana saɓa fata yayin da take girma, sai matakin kwanso inda take ƙudundunewa ta daina ci da motsi, wani lokaci a cikin gidan zare da ta saƙa wa kanta, sannan ta fasa ta fito da fukafukai, ko dai malam-buɗe-littafi mai yawon rana ko faɗa-wuta mai yawon dare. Mai karatu da ya san zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi ya riga ya san ɗaya daga cikin waɗannan gidaje, don daga irinsu ake samun zaren.

A 1665 ta auri Johann Andreas Graff, ɗaya daga almajiran Marrel, suka haifi Johanna Helena a 1668, suka koma Nuremberg a 1670, inda aka haifi Dorothea Maria a 1678. Dokokin ƙungiyar masu zane a Nuremberg ba su yarda mace ta yi sana'ar fentin mai ba, wanda shi ne mai tsada da daraja, saboda haka ta tsaya kan fentin ruwa, ta buɗe aji tana koya wa 'ya'yan attajirai mata zane da surfani, tana kuma sayar musu da launi. Littafinta na farko, na furanni, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1675 da 1680 da hotuna 36, an yi shi ne musamman don masu surfani da masu koyon zane su riƙa kwaikwaya. Aikin kasuwa ne mai kyau, ba abin da ya ƙara wa kimiyya, sai dai ajin ya buɗe mata ƙofofin lambunan masu kuɗin garin, inda ta riƙa tsintar tsutsotsi.

Littafin da ya bambanta ta da kowa shi ne na tsutsotsi, wanda kashinsa na farko ya fito a 1679, na biyu a 1683, kowanne da hotuna 50 da bayani a Jamusanci, harshen gida, a lokacin da masana ke rubutu da Latin. Hanyar aikinta mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar yi. Takan ɗauko tsutsa tare da ganyen da ta same ta a kai, ta ajiye ta a akwati, ta riƙa kawo mata sabon ganye irin wancan kullum, domin ta lura cewa tsutsotsi da yawa sun gwammace su mutu da yunwa da su ci ganyen da ba nasu ba. Takan rubuta ranar da tsutsar ta shiga kwanso da ranar da ta fito, wani lokaci bayan makonni, wani lokaci bayan an ratsa hunturu gaba ɗaya, kuma takan zana kowane mataki tun yana da rai, kafin launinsa ya dushe. Ba kullum ake dacewa ba: sau da yawa, maimakon malam-buɗe-littafi, sai ƙananan ƙudaje ko zanzaro su fito daga kwanson, abin da yanzu aka san cewa wasu ƙwari ne ke saka ƙwansu a jikin tsutsar, 'ya'yansu su cinye ta daga ciki. Merian ta zana waɗannan baƙin ma a shafin, yadda ta gan su.

Ba ita ce ta fara kiwon tsutsa don ganin abin da za ta zama ba, domin Jan Goedaert, wani mai zane na Middelburg, ya riga ya wallafa irin wannan aiki daga 1662. Sabon abin yana cikin tsarin shafin. A littattafan da suka gabata, kamar yadda yake a akwatunan masu tara kayan mamaki, akan jera ƙwari ne layi-layi a kan farin fili, kowanne shi kaɗai, matacce, an baje masa fukafukai. Ita kuwa takan kafa reshen tsiro a tsakiyar shafi, ta nuna ganyen da aka ci da ramukansa da gefensa da ya bushe, ta ɗora tsutsar a inda take ci, ƙwai a bayan ganye, kwanson a rataye ko a ƙasa, mai fukafukan kuma yana shawagi a sama, wani lokaci sau biyu don a ga ciki da bayan fiffike. Da haka shafi guda ya ɗauki watanni na lokaci, ya kuma faɗi wata magana da ba a saba faɗinta ba, wato cewa ba a sanin ƙwaro sai an san abin da yake ci da abin da yake cin sa. Ilimin dangantakar halittu da muhallinsu bai samu suna ba sai a ƙarni na 19, amma tambayar da yake yi tana nan zane a waɗannan faranti, kuma da wuya a ce likitan da ya saba raba jiki gunduwa-gunduwa ne zai fara yin ta. Wanda aka horar ya haɗa fure da ganye da ƙwaro su zauna lafiya a hoto ɗaya shi ne ya fi kusa da ita.

Shekarun da suka biyo baya sun zo da sauye-sauye a gida. Bayan rasuwar Marrel a 1681 ta koma Frankfurt wurin mahaifiyarta, a 1685 kuma ta bar mijinta, ta tafi da mahaifiyar da 'ya'yanta biyu zuwa Wieuwerd a arewacin Holan, inda mabiya wani malamin Kirista mai suna Jean de Labadie suke zaman kaɗaici da tarayya a dukiya. Gidan da suke zaune na dangin Sommelsdijk ne, wanda ɗayansu yake gwamnan Suriname a lokacin, kuma ƙungiyar tana da gona a can. A 1691, bayan rasuwar mahaifiyarta, ta koma Amsterdam, auren ya mutu a hukumance ba da daɗewa ba, ita da 'ya'yanta suka kafa shagon zane da sayar da launi da busassun ƙwari.

Amsterdam a lokacin ita ce kasuwar duniya, jiragenta suna kawo kaya daga gabas da yamma, manyan garin kuma irin su magajin gari Nicolaes Witsen da likita Frederik Ruysch da ɗan kasuwa Levinus Vincent suna da ɗakuna cike da ƙwarin ƙasashe masu zafi. Merian ta samu shiga waɗannan ɗakuna, ta ga launuka da girman da ba ta taɓa gani ba, amma ta ga kuma abin da ya ɓace: ba wanda ya san daga wace tsutsa kowane malam-buɗe-littafi ya fito, balle ganyen da ta ci. Wannan giɓi ne ya sa a watan Yuni na 1699, tana da shekara 52, ta sayar da zane 255 na hannunta, ta rubuta wasiyya, ta shiga jirgin ruwa da ƙaramar 'yarta Dorothea zuwa Suriname, tafiyar kusan wata biyu. Ba sarki ne ya aike ta ba, ba kuma ma'aikaciyar wani kamfani ba ce, a zamanin da masu binciken halitta kan yi irin wannan tafiya a matsayin likitocin jirgi ko bayin wani mai mulki.

Suriname, a gaɓar arewacin Kudancin Amurka, ta shiga hannun Holan a 1667, kuma dukiyarta rake ce da bayin da aka kwaso daga Afirka ke nomawa cikin azaba mai tsanani. Masu gonakin, a cewarta, sun riƙa yi mata dariya saboda tana neman wani abu da ba sukari ba, ita kuma ta zarge su da sakaci da 'ya'yan itatuwa da tsirrai masu amfani da ƙasar ke da su. Ta zauna a Paramaribo, ta bi kogi zuwa gonaki, har da ta mabiya Labadie mai suna La Providence a 1700. Aikin ya fi na Turai wuya nesa ba kusa ba, saboda zafi da laima suna ruɓar da abin da aka tara, tururuwa na shiga akwati su cinye tsutsar da aka yi makonni ana kiwo, yawancin rayuwar dajin kuma tana can ƙololuwar bishiyoyi inda hannu ba ya kai. Rashin lafiya ya tilasta mata komawa a 1701, bayan kusan shekara biyu, da zane-zane da busassun ƙwari da dabbobi a cikin kwalaben barasa da tsutsotsi masu rai da suka ci gaba da rikiɗa a cikin jirgi.

Littafin da ya fito daga wannan tafiya, Metamorphosis insectorum Surinamensium, wato rikiɗar ƙwarin Suriname, an buga shi a Amsterdam a 1705 da manyan hotuna 60, a harshen Holan da kuma Latin. Ita ta ɗauki nauyin bugawa ta hanyar karɓar kuɗin masu saye tun kafin a gama, ta ɗauki hayar masu sassaƙa irin su Pieter Sluyter da Joseph Mulder, masanin tsirrai Caspar Commelin kuma ya ƙara sunayen Latin na tsirran. Hoton farko abarba ce tana fure, da kyankyasai suna yawo a kanta, kuma wannan zaɓi ya nuna halin littafin, domin abarba a lokacin ita ce 'ya'yan itacen da attajiran Turai suka fi marmari, kyankyaso kuwa shi ne ƙwaron da mazauna Suriname suka fi tsana. Mai karatu Bahaushe zai gane tsirrai da yawa a ciki ba tare da an faɗa masa ba: gwaiba, gwanda, ayaba, kankana, auduga, zurma, da rogo, wanda ta bayyana yadda ake gurza shi a matse ruwansa mai guba kafin a toya gurasa da garinsa. Kusa da ƙarshe akwai wani kwaɗon ruwa mai faɗi wanda macensa ke ɗaukar ƙwai a cikin fatar bayanta har 'ya'yan su fasa su fito, abin da ya yi kama da ƙage amma gaskiya ne.

Rubutun da ke gefen hotunan ya tona wani abu da hotunan suka rufe, wato hannuwan da suka yi rabin aikin. Merian ta faɗi da kanta cewa bayi ne suke sare mata hanya a daji, 'yan asalin ƙasar da 'yan Afirka ne suke kawo mata tsutsotsi, su ne kuma suka gaya mata sunayen tsirrai da amfaninsu a abinci da magani. A ƙarƙashin hoto na 45, na wani fure ja da rawaya, ta rubuta abin da matan suka shaida mata, cewa suna amfani da ƙwayarsa su zubar da ciki don kada su haifi 'ya'yan da za su zama bayi kamarsu, kuma cewa wasu bayin da aka kawo daga Gini da Angola suna kashe kansu saboda muguntar iyayen gijinsu. Shaida ce mai nauyi da ba kasafai ake samun irinta a littattafan halitta na zamanin ba. Duk da haka bai kamata a mayar da ita mai yaƙi da bauta ba, domin ta ci moriyar aikin bayi ba tare da ta yi tir da tsarin kansa ba, ta kuma dawo Amsterdam da wata mace 'yar asalin ƙasar, kuma ko ɗaya daga waɗannan mutane ba ta ambaci sunansa ba, alhali ta jera sunayen attajiran da suka buɗe mata ɗakunan ajiyarsu.

Akwai kurakurai a littafin, kuma wasunsu sun fito ne daga fasahar da ta ba shi ƙarfi. Tun da an kammala hotunan a Amsterdam daga ƙananan zane-zane da busassun samfura, a wasu shafuka tsutsar wani jinsi ta haɗu da mai fukafukan wani jinsin, a wasu kuma an ɗora ƙwaro a kan tsiron da ba ya ci don shafin ya yi kyau. Ta kuma ruwaito cewa wani ƙwaro mai kumburarren kai yana haske da dare kamar fitila, abin da ba a tabbatar ba. Hoto na 18 shi ne ya fi jawo surutu: a kan reshen gwaiba da tururuwa suka cinye ganyensa, wani ƙaton gizo-gizo mai gashi yana zaune a kan ɗan ƙaramin tsuntsu mai shan ruwan fure da ya kashe, sheƙar tsuntsun kuma tana gefe da ƙwai huɗu, alhali irin wannan tsuntsu biyu yake sakawa. A 1834 aka wallafa rubuce-rubucen wasu masana biyu na Birtaniya, Lansdown Guilding da William Macleay, inda suka kai wa aikin hari, suka ce gizo-gizon mai cin tsuntsu tatsuniya ce da ta karɓa daga bakin bayi, kuma cikin sukar akwai raini ga mace da ga waɗanda suka ba ta labari. Bayan haka Henry Walter Bates ya ga irin wannan gizo-gizo da tsuntsayen da ya kama a yankin Amazon, ya ba da labarin a littafinsa na 1863. Abin da aka sani yanzu shi ne cin tsuntsu ba shi ne abincinsa na kullum ba, amma yana faruwa. Masu sukar sun yi daidai a kan adadin ƙwai, sun yi kuskure a kan babbar maganar.

Wasiƙun da ta yi musaya da James Petiver, wani mai sayar da magani a Landan da ke tara ƙwari, sun nuna inda ta sha bamban da alƙiblar da kimiyya ta ɗauka bayanta. Petiver yana son a sake jera littafin rukuni-rukuni bisa kama, ya kuma aika mata da matattun samfura, ita kuwa ta nuna masa cewa abin da take bi shi ne yadda halitta ke samuwa da yadda ɗaya ke fitowa daga ɗaya da abin da take ci. Ƙarni na 18 ya bi bayan Petiver, domin zamanin Carl Linnaeus ne na Suwidin, wanda ya tsara halittu aji-aji ya ba kowace suna biyu na Latin. Sai dai shi ma Linnaeus, wanda bai taɓa taka ƙasa mai zafi ba, ya dogara da hotunanta wajen bayyana jinsunan ƙwari da tsirrai masu yawa, yana ambaton lambar farantinta a matsayin hujja.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta a 1715, ta rasu a Amsterdam ranar 13 ga Janairu 1717, kuma Dorothea ce ta fitar da kashi na uku na littafin tsutsotsi a wannan shekarar. A daidai lokacin Sarkin Rasha Peter yana ziyara a birnin, likitansa Robert Erskine ya sayi tarin zanenta masu yawa, shi ya sa har yau babban kaso na aikinta, har da kundin da ta riƙa liƙa ƙananan zane-zanenta da bayanan kiwo a ciki, yake ajiye a Saint Petersburg, inda Dorothea ma ta koma da mijinta Georg Gsell suka yi aikin zane da koyarwa. Wasu zanen suna Gidan Tarihi na Birtaniya da kuma taskar gidan sarautar Ingila a Windsor. Masu nazari sun gano cewa hannun 'ya'yanta biyu yana cikin zane da yawa da ke ɗauke da sunanta, don haka ya fi dacewa a ɗauki aikin shekarun ƙarshe a matsayin na shagon mata uku. Jamus ta saka hotonta a takardar kuɗi ta mak 500 daga 1992 har zuwa shigowar yuro a 2002, kuma masana ƙwari na yau, da suka bi faranti 60 na Suriname ɗaya bayan ɗaya, sun iya gane jinsin mafi yawan halittun da ke ciki daga zanen kawai.